Bayan rataye takalmi: koci a kulob ko horar da yaran unguwa?

Tsofaffin 'yan wasan ƙwallon ƙafa a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi sun sha tsayar da ni da tambaya ɗaya: "Malam, in ƙafa ta gaji, wanne za mu kama?"

Koci a kulob sai da lasisin CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, mataki-mataki, kuma kowane mataki kuɗi ne da zaman aji. Sunan da ka yi a fili ba ya tsallakar da kai. Horar da yara kuwa da fili da ƙwallaye kaɗan ka fara, amma abinci da kuɗin mota da magani duk aljihunka ne.

Wajen suna, kulob ya fi sauri. Kwesi Appiah ya buga wa Kotoko, babban kulob ɗin Kumasi, ya kai Black Stars, tawagar Ghana, gasar cin kofin duniya ta 2014, daga baya ya koma horar da Sudan. Sai dai kujerar da zafi. Ka sha kashi sau uku a jere a filin Baba Yara, gidan Kotoko, gidajen rediyo sun gama korarka tun kafin shugabanni su zauna. Kocin yara ba mai korarsa, damuwarsa ita ce dillali ya lallaɓa iyaye ya ɗauke yaron da ya raina shekara biyar. Duk da haka abin yana daɗewa: Nania FC, ƙungiyar renon matasa ta tsohon tauraron Ghana Abedi Pele, ta doke Kotoko ta ɗauki kofin FA a 2011.

Mai son albashi da jure zagi, kulob ya dace da shi. Mai wata sana'a a gefe da haƙurin manomi, yaran unguwa suna jiransa.