Na mayar da diril ɗina mai batir ya koma na soket, ga yadda muka kwashe

Ni kafinta ne a Aboabo, nan Kumasi. Diril ɗina na gwanjo ne, mai volt 18, shekara huɗu muna tare ba ciwon kai, sai da batiransa biyu suka mutu kusan lokaci ɗaya. Kowa ya san kuɗin sabon batir, ka ƙara kaɗan ka sayi wani diril ɗin. Shi ne wani abokin sana'a ya nuna min wani yaro mai gyaran lantarki wajen Alabar, wai yana mayar da su su riƙa cin wutar gida.

Aikin da tsabta, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya buɗe kwanson mataccen batirin, ya kwashe ƙananan batira biyar ɗin da ke ciki, ya huda gindin kwanson ya zura waya, ya haɗa ta da cajar laftof mai volt 19. Kwanson na shiga diril ɗin ƙas, kamar da. Ya danna kunama, abu ya yi ta juyi a iska. Na biya, har da ɗan ihsani a kai.

Ranar Asabar na je Asawase kafa ƙofa a gidan wata Hajiya. Ƙofar ta katakon odum ce, wanda duk ya taɓa aiki da shi ya san taurinsa. A shago na gwada diril ɗin a jikin wawa, sunan katakon ke nan da Tonanci, ba zagi nake ba, ya huda shi kamar burodi. Amma bakinsa na kama odum, ɗif. Fitilar caja ta mutu. Na zare daga soket na mayar, ta dawo. Na sake dannawa, ɗif. Sau bakwai ina wannan rawa, yarona na riƙe da ƙofa hannunsa na karkarwa, Hajiya na zaune a kan kujera tana jan carbi tana kallona. Can ta ce, "Ɗana, in aikin ya fi ƙarfin injin naka, ka faɗa min, Malam na da sukurudireba a ɗaki." Wallahi gara mari. Da hannu na ƙarasa ɗaure pata uku, sai bayan la'asar na bar gidan.

Litinin da sassafe ina bakin shagon mai gyaran. Sai a lokacin yake min bayanin da ya kamata ya yi tun farko. Wai volt ya yi daidai, ƙarfin ne bai kai ba. Cajar laftof ɗin amfiya 4.74 ce iyakarta, wato yawan wutar da za ta iya turawa, diril kuwa in ya ci karo da katako mai tauri yana iya neman sama da 20 a lokaci guda, batir na iya ba shi, caja kuwa sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Na ce, "Masta, ka san haka ka bar ni na je na ji kunya?" Ya ce ai ban ce masa odum nake hudawa ba. Kafinta a Kumasi, me zai huda, kwali?

Ya canza min da akwatin ƙarfe mai fanka, volt 18, amfiya 30, wanda ke karɓar 230 ɗin soket. Bai karɓi kuɗin hannu ba, na akwatin kawai na biya. Gaskiya yanzu yana aiki, har ya fi lokacin da batiran suka fara tsufa, ba jiran caji, ba sanyin jiki da yamma. Na fara huce masa ke nan sai wayar da ke tsakanin akwatin da diril ta soma zafi har tana laushi, siririya ya bari, irin ta cajar. Da kaina na sayi mai kauri a Adum na gajarta ta, sannan ta lafa.

Garin katako ma fankar ke zuƙa, kullum sai na hure. A shago dai ba ni da ƙorafi, yana kan benci yana cin sukuru daga safe har magariba. Amma makon jiya an kira ni gyaran silin, na hau tsani da waya na reto a bayana, yarona na ɗage da akwati sama da kansa, muna rami na uku dumso ya ɗauke wuta. Na sauko na aika shi Sabon Zongo aro diril mai batir.