Memori ko biyan kuɗin wata: ina waƙa ta fi zama?

Waƙar MP3 mai ingancin 128kbps tana cin kusan MB 1 a minti ɗaya, don haka memori mai GB 32 zai ɗauki waƙoƙi wajen 7,000. Ba ruwansa da data, kuma a nan ne tsoffin waƙoƙin makaɗan fada da wa'azin da aka kwafo daga kaset suke, waɗanda da wuya ka same su a manhaja. Matsalarsa jabu: wayar ta nuna GB 64, alhali cikinsa bai kai haka ba, sai waƙoƙin da aka tura daga baya su ƙi buɗewa. Kafin ka bar shagon mai turi a Gusau, kunna waƙar ƙarshe da ya saka, ba ta farko ba.

Spotify kuwa, manhajar sauraron waƙa ta intanet mai tsarin biyan kuɗin wata, a matsakaicin inganci, yana shan kusan MB 40 a awa. Sabbin waƙoƙi na zuwa nan take, amma abin da ka sauke haya ne: ba ya tafiya ta Xender, kuma in ka yi kwana 30 ba ka hau intanet ba, sai ya daina kunnuwa. Wanda ya ga rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021 ya san ba zancen wasa ba ne.

Haɗa su ya fi. Kunna "Local Files" a saitin Spotify, waƙoƙin wayarka su bayyana kusa da na manhaja. Sai dai gyara sunayensu tukuna, in ba haka ba "Track 01" ɗari za ka tarar.