Almakashin Solingen da na yi wata uku ina aiki da shi

Ƙanina da ke Jamus ne ya aiko min da shi, ƙirar Jaguar, inci 5.5, an buga Solingen a jikinsa. Garin nan shi ne cibiyar maƙeran wuƙa da almakashi a ƙasar, har doka gare su, ba kowa ke buga sunan a kayansa ba. Gaskiya kaya ya yi, da kilifa nake yawancin aski amma wajen gyaran gemu da masu tara suma shi nake ɗauka, ba ya tauna gashi, ba ya ƙara, kuma hannu ba ya gajiya.

Inda na sha wuya shi ne bayanin da ƙanin nawa ya turo min da Jamusanci kafin ya saya. Na sa a manhajar fassara ta waya sai ta ce min wai ganye, kara, ido. Ashe Blatt da ta kira ganye ruwan almakashin ne, Halm kuma sandar da ta taso daga wajen noti zuwa mariƙi, Auge shi ne zoben da ake zura yatsa. Fingerhaken ɗan ƙugiyan nan ne da ƙaramin yatsa ke hawa. Wate kam ko taɓa ta ba ta yi ba, sai da ƙanina ya je wajen wani tsohon mai aski a unguwarsu ya nuna masa da farce, wato siririn bakin nan da ake wasawa.

Wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne don kuɗi ake kashewa. Idan ka ga Mikroverzahnung to bakin yana da ƙananan haƙora da ido bai cika gani ba, su ke riƙe gashi kar ya zame, in ka miƙa wa mai washin wuƙa na kasuwa ya goga a dutse shi ke nan ya cinye su. Nawa yana da su, kuma saura ƙiris na kai shi.

Sai masu rage cikar suma, Effilierschere haƙora gefe biyu, Modellierschere gefe ɗaya, shi ya fi ɗiban gashi. Shi na ce ƙanina ya nemo min in zai zo da sallah. Ɗigon mai nake sa wa notin Jaguar ɗin nawa duk dare bayan na goge.