Fanabitan da ya canza wa fijon mahaifinmu fenda da ƙofa a cikin gida

Tun ranar da na fito da fijon nan zuwa masallacin Juma'a mutane ke tare ni suna tambayar wa ya yi min aikin jikinta kuma nawa na kashe, to bari in faɗi abin da na gani da idona, mai daɗi da marar daɗi, don duk mai tsohuwar mota a gida da shike son tada ta shi san abin da zai taras. Sunan mai aikin ba zan sa ba, dattijo ne fanabita nan Birnin Kebbi, mu dai Baba muke ce mishi.

Motar Peugeot 504 ce salun ƙirar 1984 haɗin Kaduna, ta marigayi mahaifinmu Allah shi jiƙanshi, lambarta ta farko ma ta tsohuwar jihar Sakkwato ce don sai 1991 anka cire Kebbi. A Faransa anka fara wannan mota 1968, kamfanin PAN ya fara haɗa fijo a Kaduna 1975, kuma anka ci gaba da yin 504 nan ƙasar har wajen 2006 bayan Turawa sun daɗe da barinta, shi ya sa har yau kayan injinta ba su wuyar samu. Jiki ne matsala. Tamu ta shekara 11 aje ƙarƙashin dogon yaro a tsakar gida, ganye na zuba shina toshe magudanar gaban gilashi da 'yan ramukan da ke ƙasan ƙofofi, damina ta zo ruwa shi kwanta ciki ba mafita, tsatsa ta yi ta ci daga ciki alhali fenti na nan da ɗan kyaunshi a waje. Ranar da na danna ƙasan fendar hagu da babban yatsa wurin ya ruguje kamar ƙanzo, wallahi sai da hawaye sunka zo min.

Inna ta ce ba ta yarda a ja motar zuwa gareji ba, ta san yadda mota ke shiga ta shekara ana zare mata kaya ɗaya bayan ɗaya, in za a yi a yi ta gaban idonta. Na kawo mutum biyu kafin Baba, dukansu maganarsu ɗaya, a cusa raga a ramin a shafe da fila a fesa, sati guda an gama. Shi kau Baba da ya zo ko zancen kuɗi bai fara ba, ya fiddo ɗan mayen ƙarfe naɗe cikin tsumma shina bin jikin motar da shi a hankali, inda ya kama ƙarfe ne, inda ya ƙi kamawa sai shi zagaye da alli. Haka ya gano fendar baya ta dama cike take da tsohuwar fila kaurin yatsa, gyaran wani karo da ni ma ban san an taɓa yi ba sai da Inna ta tuna. Ya ce min ɗana fila kwalliya ce ba ƙarfe ba, in ka rufe tsatsa da ita damina biyu za ta kumburo maka kamar maruru. Nan take na san shi zan ba aikin.

Abin da munka canza, fenda biyu na gaba, ƙofar direba, dogon ƙarfen nan na ƙarƙashin ƙofofin hagu, inda direba ke aje ƙafa, sai kusurwar fendar baya. Fendar gaba da ƙofa noti ne ke riƙe da su, kwancewa ake yi, wahalarsu kawai notin da tsatsa ta cinye wanda sai an jiƙa da mai ya kwana ko a sare. Amma ƙarfen ƙarƙashin ƙofa da fendar baya walde suke da jiki, kuma salun ba ta da shasi daban irin na babbar mota, jikin ne ke ɗauke da kanshi, in ka yanke wurin haka kawai tsakiyar motar na iya saɓawa ƙofa ta ƙi rufuwa har abada. Kafin shi sa wuta sai da ya walda rodi gicciye a bakin ƙofofin, ya tokare motar da kututture a daidai, ya sa anka cire batir da tankin mai anka kai bayan gida, bokitin yashi da na ruwa na gefe. Wannan tsari nashi ya burge ni ƙwarai, don gida ne akwai yara akwai dabbobi.

Maganar kaya nan ne na yi asara, kuma ina son mutane su ji. Ƙofa da fendar dama beljiyam ne, ƙanena ya samo min a Panteka Kaduna daga wata 504 da anka yanka, na asali ne, suna zuwa Baba ya ɗora sunka zauna kamar don motar anka yi su. Fendar hagu ba a samu ba sai na sayi sabuwa ta kwaikwayo a wani shago wani gari don na ga tana sheƙi kuma da sauƙi. Ƙarfenta sakayau, ramukan noti ba su dace ba, bakin fitila ya karkace, kun san fitilar 504 ba zagaye take ba tana da kusurwa, in wurin bai daidaita ba fuskar motar gaba ɗaya ta lalace. Kwana biyu cur ya yi kan fendar nan shina faɗaɗa rami da fayil, shi buga shi gwada shi sauke. Tsohon na asali mai ɗan lotsawa ya fi sabon kwaikwayo nesa ba kusa ba, wannan na gani na tabbatar.

Abin da na fi zama ina kallo shi ne yadda shike daidaita tazara. Ƙofa shike fara ratayawa ta dace da ta baya, sannan fenda ta bi ƙofa, sannan bonet, kuma ba shi ɗaure noti tamau sai komai ya zauna. Ya naɗe kwalin sigari biyu shina zura shi tsakanin ƙofa da fenda daga sama har ƙasa, inda ya matse shi sassauta, inda ya yi sako-sako shi turo, sannan shi ja da baya shi tsuguna shi rufe ido ɗaya shina kallon layin da ya taso daga fitila har but. Ya rufe ƙofar nan ya fi sau talatin rana guda shina sauraren ƙararta. Da ta yi wannan tim ɗin mai nauyi Inna na daga ɗaki ta ce to haka take yi lokacin Malam.

Yanzu inda ban ji daɗi ba. Waldar gas shike yi ta kabaid, kuma ƙarfen jikin mota bai kai milimita 1 ba, zafin wutar na bazuwa da faɗi shi sa farantin shi lanƙwashe. Shina da dabara, ɗigo-ɗigo shike yi nesa da juna shi bari shi huce shi bi da guduma da ƙarfen tokara daga baya, duk da haka fendar baya ta yi ɗan tudu da kwari sai da anka bi da fila 'yar shafe-shafe. Da injin walda na waya mai gas shike da shi da aikin ya fi tsabta, amma na san halin wutarmu. Na biyu yaranshi ba su da kula, ɗaya ya kunna giranda bai rufe gilashin ƙofar baya ba tartsatsi ya yi mishi ɗigo-ɗigon da ba ya fita, kuma sunka zubar da ruwan kabaid kusa da turken awaki sai da na yi magana da ƙarfi. Baba da kanshi ya rage N10,000 cikin kuɗinshi saboda gilashin ban roƙa ba. Na uku lokaci, sati 3 ya ce, sati 7 munka yi, sai shi ɓace kwana huɗu wurin wani aikin, wayarshi kashe, mota na kan kututture a buɗe ga hadari na haɗuwa, wannan ya ci min rai sosai kuma na faɗa mishi gaba da gaba.

Kuɗin hannu N220,000 munka yi, kabaid da iskar walda da faranti da samfefa ni na saya wajen N70,000, fesa fenti kuma wani ne daban ya yi. Kafin a rufe komai ya shafe cikin fendoji da jan fentin hana tsatsa, ya ɗura baƙin mai cikin ƙarfen ƙarƙashin ƙofa, ya buɗe ramukan ruwa da waya ya nuna min su ɗaya-ɗaya ya ce in riƙa dubawa duk farkon damina kuma kar in sake aje ta ƙarƙashin icce. Na yi mata rumfar kwano.

Damina guda ta wuce yanzu, na bi ta da mayen ƙarfe na leƙa ƙarƙashin kafet ba kumburi ba danshi. Mai gaggawa ko mai son shi shafe shi sayar kar shi nemi irin Baba, za su ɓata. Wanda motar ke da daraja a zuciyarshi kuma zai iya zama kan aikin shi sa ido kan yara, zan iya kai shi har wurinshi. Satin da ya wuce na kai Inna Argungu da ita munka dawo ko ƙarar ƙofa ba mu ji ba. Abin da ya rage min robar gilashin baya ce, ta asali nike nema don wadda ke kai ta tsattsage.