Karak ko Shobak: wacce za ka hau?

In ka je Jodan da yini ɗaya rak, sai ka zaɓa. Dukansu kagarun mayaƙan Salibiyya ne bisa tsauni, kuma dukansu sun faɗa hannun rundunar Salahuddin.

Karak, da aka fara ginawa a 1142, ta fi girma, tana cikin gari, ga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu duhu. Daga nan Renald, shugaban mayaƙan Salibiyya mai riƙe da kagarar, yake fita kai wa ayarin fatake hari.

Shobak kuwa, wadda Baldwin, sarkin 'yan Salibiyya na Ƙudus, ya gina a 1115, kango ce ita kaɗai a hanyar tsohon birnin Petra. Amma ni ita na fi so: akwai matakala sama da 300 da aka sassaƙa cikin dutse har maɓuɓɓugar ruwa, saboda ranar ƙawanya. Ka riƙe tocila.