Kilim mai detandar da kilim mai ɗan bututu: ina bambancin?

Assalamu alaikum. Wani Alhaji ya kawo mini tambaya jiya da dare. Kilim ɗin tsohuwar Ford ɗinsa, wato na'urar sanyaya cikin mota, ya daina sanyi, mai gyara ya ce kwalba da wani ɗan bututu za a canza. Ƙanensa kuma mai Corolla, da irin haka ta same shi, detandar aka canza masa, wato ƙofar da ke daidaita wucewar gas ɗin kilim. Alhaji ya buɗe kafon Ford bai ga detandar ba, ya leƙa Corolla bai ga kwalba ba, sai hankalinsa ya ƙi kwanciya. Yana so ya san ko ɗaya daga cikin masu gyaran ya ci kuɗi a banza, kuma wane tsari ne ya fi.

Alhaji, in dai a kan wannan ne, ba wanda ya cuce ku. Motocin ne ba gini ɗaya ba.

Abubuwa uku duka biyun suna da su. Akwai kwamfiresa, wanda injin mota ke juyawa, shi ke matse gas ya tura shi da zafi. Akwai kondansa, wannan mai kama da lagireto da ke gabansa, inda iska ke kwashe zafin har gas ɗin ya koma ruwa. Sai ebaporata, tana ɓoye a bayan tabulo, a cikinta ruwan ke sake komawa gas yana zuƙe zafin cikin mota. Gas ɗin R134a da ke cikin yawancin motocinmu, in ba a matse shi ba yana tafasa tun a digiri 26 ƙasa da sifili. Dabarar duka a nan take: a matse shi a waje ya zubar da zafi, a sake shi a ciki ya kwashi zafi. Haka yake ta zagaye, ba ya ƙonewa kamar mai. Duk wanda ake ƙara wa gas kowace bazara, motarsa na yoyo a wani wuri.

Tsakanin kondansa da ebaporata dole a samu ƙofa matsattsa wadda za ta riƙe matsin lamba a bayanta ta saki ruwan kaɗan-kaɗan. A kan wannan ƙofar ne masu ƙera mota suka rabu gida biyu.

Corolla, da yawancin motocin Japan, da irin su Peugeot 406, detandar gare su. Ƙofa ce mai buɗewa da rufewa da kanta. Tana jin zafin gas ɗin da ke fitowa daga ebaporata. In ya fito da ɗumi, alamar ebaporata na jin yunwa ke nan, sai ta ƙara buɗewa. In ya fito da sanyi sosai sai ta tsuke. Saboda wani lokacin tana riƙe ruwa, ana buƙatar wurin da ruwan zai jira, shi ya sa kwalbarta take zaune kafin ita, tsakaninta da kondansa, a ɓangaren matsi mai ƙarfi. Siririyar kwalba ce, kuma in kilim na aiki ka taɓa ta za ka ji ɗumi. Dalilin da ya sa ba ka gan ta a Corolla ba, a irin na baya-bayan nan an haɗe ta da jikin kondansa. Duba gefensa, za ka ga wani dogon bututu a tsaye, ita ce.

Ford da Chevrolet na Amurka na shekarun 1990 zuwa farkon 2000, har da tsohuwar Passat da Audi A4 na wancan zamanin, ba su da detandar. A madadinta akwai ɗan bututun roba, bai wuce tsawon yatsa ba, da ƙaramin rami na tagulla a tsakiya da rariya mai laushi a kewaye. Ana cusa shi ne cikin bututun da ke zuwa ebaporata, shi ya sa ba a ganinsa daga waje. Ba ya motsi, ba ya jin zafi balle sanyi. Ramin da aka yi masa a masana'anta shi ne raminsa har ya mutu. To tunda ba ya iya tsukewa, wani lokacin ruwa kan wuce ebaporata bai gama komawa gas ba. Kwamfiresa kuwa gas yake matsewa, in ya sha ruwa sai ya lalace. Don haka kwalbar wannan tsarin tana bayan ebaporata, a kan hanyar komawa kwamfiresa, tana tare ruwan ya kwanta a ƙasa, gas kaɗai ke fita ta sama. A gindin bututun cikinta akwai wani ɗan rami da ke mayar da man kwamfiresa sannu a hankali. Ita ƙatuwa ce, galibi tana kusa da bangon da ya raba injin da cikin mota, kuma in kilim na da lafiya za ka same ta da sanyi tana gumi kamar randa.

Ka ga ke nan da hannunka ma za ka iya gane irin motarka. Kwalba siririya mai ɗumi a gaba, mota mai detandar ce. Kwalba mai kauri mai sanyi a baya, mai ɗan bututu ce.

Wane ya fi? In don sanyi ne a garin nan, ni detandar zan ɗauka. A watan Afrilu da Mayu, rana ta haura digiri 40, kana tafiyar hawainiya a bakin babbar kasuwa tsakanin kabu-kabu da amalanke, injin na juyawa a hankali, wuta kuma na dukan rufin mota. A irin wannan halin ƙofar da ke daidaita kanta ta fi riƙe sanyi. Mai ɗan bututu kuwa, a yawancinsu, ba shi da wata dabara sai kashe kwamfiresa da kunna shi. Wannan ƙas-ƙas ɗin da kake ji a Ford lokaci-lokaci ba ciwo ba ne, aikinsa ke nan. Sai in ya yi yawa, yana kamawa yana saki ba hutu, to gas ya yi ƙasa.

Amma in an zo gyara, labari ya juya. Ɗan bututu ba shi da tsada, kuma cire shi bai cika cin lokaci ba. Detandar ta fi shi kuɗi, a wasu motocin ma sai an kwance rabin tabulo kafin hannu ya kai gare ta. Sannan tana da ciwon da ke ruɗa mutum: takan maƙale a buɗe ko a rufe, mai gyara ya yi ta zargin kwamfiresa. Shi kuwa ɗan bututu ciwonsa ɗaya ne, toshewa. A ɗaya gefen, ba ya yafe kuskuren awo. Tsarin detandar kan jure in gas ya ɗan ragu saboda ajiyar da ke cikin kwalba, na ɗan bututu kuwa ragi kaɗan ko ƙari kaɗan sai sanyi ya canza. Kowace mota tana da takarda manne a ƙarƙashin kafo da ke faɗin irin gas da nauyinsa a giram. A ce wa mai gyara ya sa da sikeli. Mai sa gas yana taɓa bututu da hannu yana cewa "ya kusa" ba awo yake yi ba.

Aiki ɗaya da kwalaben biyu suka haɗu a kai shi ne shan laima. A cikin kowacce akwai ƴan ƙwayoyi kamar gero masu tsotse danshi, kuma in sun ƙoshi sun ƙoshi ke nan, ba a shanya su a mayar. Wannan na koye shi da kuɗina. Wata damina na bar bututun motata a kwance kwana biyu ina jiran kondansa daga Katsina, ban toshe bakinsu ba, da aka haɗa kuma na ƙi sayen sabuwar kwalba don tsumulmula. Sanyi ya zo kamar gaske. Kafin in kai Ɗan Isa sai iska mai zafi. Na kashe na ɗan jima na kunna, sanyi ya dawo, can kuma ya sake ɗaukewa. Laima ce take daskarewa a bakin detandar ta toshe ta, in ƙanƙarar ta narke hanya ta buɗe. Gas ɗin da na saya duka sai da aka fitar, aka sa kwalba, aka zuƙe iska da famfo wajen rabin awa, sannan aka zauna lafiya. Saboda haka mai gyaran da ya ce maka a canza kwalba bayan an buɗe bututu, gaskiya ya faɗa.

Kafin a kwance komai dai, a duba gaba. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi suna cika kondansa, fankarsa kuma tana mutuwa ba a sani ba. Motar da ke sanyi a kan hanyar Tasawa amma ta ɗau zafi da zarar an tsaya cikin gari, fanka ko datti za a fara nema, ko mai detandar ce ko mai bututu. Masu sabbin shigowa daga Kwatano kuma su karanta takardar nan da kyau: tun 2017 ba a yarda sabuwar mota a Tarayyar Turai ta fito da R134a ba, yawanci R1234yf ne a ciki, bakin da ake sa masa gas ma daban ne, kuma ba a gauraya su.

Alhaji, ranar da za a yi aikin ka tsaya a wurin, ka ce a miƙo maka tsohon ɗan bututun in an zaro shi. Ka kai shi rana ka dubi rariyar. In fes take ko ɗan datti ne kawai, a sa sabo da kwalba a rufe. In ka ga baƙin maiƙo ya lulluɓe ta, ko garin ƙarfe na ƙyalli a jiki, kwamfiresa ne ke cin kansa yana watsa ɓurɓushi cikin bututu. A nan kada ka yarda a sa gas tukuna. Sai an canza kwamfiresa, an wanke bututun, kuma kondansa na zamani mai ƙananan hanyoyi ba ya wankuwa sosai, shi ma sabo ake sa wa.