Yawon gonaki daga Abuja: Jos, Kudan ko Mambila?

Da zarar an ba yara hutun ƙarshen shekara, maƙwabta a Kubwa sukan tare ni da tambayar inda ya kamata a kai iyali su ga gona da idonsu. Wurare uku ake yawan ambata, ni kuwa ba na ɓoyewa, Jos nake cewa.

Kudan, can gaba da Zariya, tana da gonakin inabi masu kyau, amma kafin azahar ka gama kallo. Mambila kuma, shayin Kakara da sanyin Gembu ba su da na biyu, sai dai nisan Taraba ya fi ƙarfin hutun kwana uku.

Jos fa? Ka tashi bayan sallar asuba, ka bi Keffi da Akwanga, kafin azahar kana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Tun daga Hawan Kibo za ka ji iska ta sauya, yara su fara laluben rigar sanyi. Akwai faɗuwar ruwa ta Assop a gindin hawan, sannan duwatsun Riyom da ke ɗore kan juna kamar da hannu aka jera su. A yankin Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924, ake noman sitiroberi, kuma lokacin hunturu ne kakarsa. Na taɓa ganin 'yata ta durƙusa a kunya, ta ɗaga ganye ta tsinko ja jawur da raɓa a jikinsa, ta kasa magana don murna. Dankalin Turawa na Bokkos da Mangu ne ya yi suna, amma ka tambayi mutanen gari halin tsaro kafin ka nufi can, kuma kada magariba ta same ka a hanya. In ba ka natsu ba, kasuwar Farin Gada da ke cikin Jos ta wadatar: kabeji, karas, latas, koren wake, duk sabbin cirowa.

Maganar mota ce ta fi damuna. Idan taka lafiyarta ƙalau, tafi da ita. Idan shata za ka ɗauka, kai ta wurin bakanikenka ya duba birki da lagireto da taya, har da safaya, kafin ka ba da ko sisi. Wata shekara na yarda da bakin wani mai bayar da shata, ya rantse an sa sabon birki. A dawowa muna gangaren Hawan Kibo, but cike da dankali, sai ƙauri ya cika motar, direba yana taka birki yana jin sa kamar soso. Allah ne ya kiyaye muka samu gefe. Direban da ya san gangaren nan da ƙaramar giya yake sauka, ba ya ɗora ƙafa kan birki tun daga sama. Tambaye shi sau nawa ya bi hanyar.

Sai 'yan algus. Buhun dankalin da aka ɗinke baki, kada ka biya sai an zazzage a gabanka, domin manya a sama suke, ƙanana da ruɓaɓɓu a tsakiya. Sitiroberi na cikin roba, juya ka duba ƙasa, in ka ga ruwa ya taru to ya kwana biyu. Zumar bakin titi ta fi kowanne haɗari, sau da yawa sukari ne aka dafa aka jefa ɗan saƙa a ciki don a ruɗe ka. Man 'yan bumburutu ma haka, gara ka cika tanki a gidan mai tun daga Keffi ko Akwanga. Duk wanda ya tare ka a bakin kasuwa yana "Alhaji, zo in kai ka gonar ƙanena", ɗan kamasho ne, kuɗinsa na cikin farashin da za a yanka maka. Nemi wanda ka sani a Bukuru ko cikin Jos ya haɗa ka da manomin, ku yi ciniki a bakin gona.